Kofin da na Fizge a Hannun Inna

Na san abin da aka gaya muku. Ba ku taɓa tambayata ba, amma na sha ganinsa a fuskokinku duk sanda muka je gida biki ko ta'aziyya, wata goggonku ta dube ni ta yi ƙasa da murya. An ce muku uwarku ce ta fizge kofi a hannun surukarta a gaban jama'a, ta hana mijinta ruwa har kwana goma sha tara. Ba ƙarya suka yi ba. Na fizge, na kuma hana. Sai dai masu ba da labarin daga tsakiya suke kamawa, a tsakiya kuma suke saki. Yanzu babanku ya riga mu gidan gaskiya, Inna ma ta daɗe da kwantawa, ni kaɗai na rage da na san farkonsa. Shi ya sa na zauna nake rubutawa da wannan hannun nawa na 'yar ajin yaƙi da jahilci. Inda rubutun ya karkace ku gyara, amma maganar ku bar ta yadda na faɗe ta.

Shekarar da soja suka fara komawa bariki aka yi zaɓe, muna zaune a Kakuri, gidan haya mai ɗaki takwas, ban-ɗaki ɗaya, famfo ɗaya. Babanku yana aiki a masaƙa. Jiniyar kamfani ita ce agogonmu: in ta yi kuka na san lokacin ɗora tukunya, in ta sake yi na san ya kusa shigowa da auduga a gashin kansa. Ni kuma ina suyar gyaɗa ina ƙullawa, masu tebur a bakin kamfani suna sara. Babbarku tana da shekara biyu da 'yan watanni, mai bi mata kuwa ko arba'in bai yi ba. Ɗakin da ke kallon namu na Maman Talatu ne, mutuniyar Filato, tana aikin goge-goge a babban asibiti, mijinta direban tasi. Ita ta sa mini suna Uwar Tsoro, don ta sha kama ni ina kara yatsa a hancin jariri in ji ko yana numfashi. Ba na musu, haka nake. Tari in yaro ya yi sau biyu sai na ƙirga na uku. Duk gidan dariya suke mini, har babanku.

Inna, kakarku, ta zo ganin jika ne daga ƙauye ta zauna mana. Ku da kuka san ta da tsufa ba ku san ta ba. Mace ce doguwa mai kamewa, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Babanku ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, in zai gaishe ta ma gefe take kallo. "Wannan yaron" take ce masa, shi da gemunsa da 'ya'yansa biyu. Ku riƙe wannan, don zai dawo.

Ranar wata Lahadi ce. Yayan wani abokin aikinsa ya ci zaɓen majalisa, aka yi walima a Barnawa, aka yanka raguna. A lokacin kowa murna yake, ana ganin kamar daga yau shinkafa za ta riƙa sauka daga sama. Babanku mutum ne mai saurin ci, aikin masaƙa ya koya masa, don minti kaɗan ake ba su su ci su koma kan inji. Ya ci nama, ya ci shinkafa, ya kora da lemon kwalba, ya hau keke cikin rana ya dawo. Wajen la'asar ya shigo. Ya tarar da Inna a tsakar gida da wasu dattawan mata biyu 'yan uwanta da suka zo barka daga Tudun Wada. Ya jingine keke ya durƙusa. Ina bakin murhu ina kallonsa, na ga fuskarsa ta canza, maƙoshinsa yana hawa yana sauka. Amai ne ya taso masa. Da ni ce ko ku, da mun tashi da gudu. Shi kuwa yana gaban iyaye, gaisuwa ba ta ƙare ba. Ana ya gida, ya aiki, ya mai jego, ya kwanan jariri, yana amsawa da kai, ya datse haƙora ya toshe baki da hannu, yana mayar da abin ciki. Sai da suka ce "madalla" sannan ya miƙe ya nufi bayan ɗaki.

Na ji yunƙuri na farko, na ji na biyu. A na uku sai na ji wata ƙara da ban taɓa jin ta fito daga bakinsa ba. Na same shi durƙushe ya dafe ƙirji ta hagu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Balaraba," ya ce, "wani abu ya yage a nan. Na ji shi. Har baya."

Na kama shi muka shiga ɗaki. Bai iya kwanciya ba, sai zama ya sunkuya gaba. Inna ta fita raka baƙinta bakin titi, ba ta san me ake ciki ba. To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa a danginmu ba. A gidanmu in mutum ya ci ya ƙoshi ciki ya ɗaure, kanwa ake jiƙa masa. Haka na ga uwata tana yi, haka kakata. Na ɗauko jar kanwa na jiƙa a babban kofin silba, na cika shi, na kai masa baki. Ya kau da kai, na ce daure ka shanye, yanzu za ka yi gyatsa ka ji daɗi. Ya daure ya shanye saboda ni. Kafin in sauke kofin ya ƙanƙame gefen gado, idonsa ya juye, ya ce kamar an zuba masa garwashi a cikin ƙirji. Na fita da sauri na ɗauraye kofin na kife shi cikin sauran kwanuka. Da Inna ta dawo ta ce me aka ba shi, na ce ba komai.

Kafin magariba muka kai shi wani ɗan asibiti da ke unguwar. Wanda ya duba shi ya danna cikinsa ya ji ya yi tauri, ya ce gyambon ciki ne nama ya tayar. Ya yi masa allura, ya ba shi wani farin magani mai kauri ya ce ya riƙa sha cokali biyu. Ya sha a nan, ya sake yin ƙara, aka ce ai haka yake yi kafin ya kwanta. Muka dawo gida. A zaune ya kwana.

Da aka idar da sallar asuba na ɗebo man zafi in shafa masa ko ya samu sauƙi. Jikinsa ya yi zafi, numfashinsa gajere-gajere kamar na wanda ya yi gudu. Na shafa ƙirji, na hau zuwa wuya. A nan hannuna ya tsaya. Gindin wuyansa, daidai saman ƙashin nan na kafaɗa, ya ɗan kumbura, kuma in na danna sai in ji wani ƙuras-ƙuras a ƙarƙashin fata, sak yadda nake ji in ina murza soyayyar gyaɗa ɓawonta yana fita. Na danna ɗaya gefen, nan ma haka. Na yi masa magana ya amsa, na ji muryarsa ta koma ta hanci, ba tasa ba. Na fita ko takalmi babu na buga ƙofar Maman Talatu.

"Uwar Tsoro, yau kuma wa ya yi atishawa?"

"Ki zo ki taɓa wuyan Baban yara."

"Ni in taɓa wuyan mijinki da sassafe? Kina so a kore ni daga gidan nan?"

Tana dariya ta shigo, ta gaishe da Inna, ta sa yatsu biyu inda na nuna mata. Dariyar ta ɗauke. Ta ce ita ba nas ba ce, tsumma da bokiti ne aikinta, amma ta taɓa ganin irin wannan a jikin wani da mota ta buge, kuma ta ga yadda likitoci suka riƙa gudu a kansa. Ta leƙa waje ta ƙwala wa mijinta kira, ta ce ya bar wankin motar nan haka. Muka sa babanku a baya, Inna a gefensa, ni da jariri a gaba, muka nufi babban asibiti. Babbarku na bar ta wurin maƙwabta. Muna hawa gada ina jin numfashinsa a bayana, ina ƙirgawa, in na kai ɗari in sake farawa.

Likitan da ya karɓe mu saurayi ne, mutumin Binuwai, Hausarsa irin ta barikin soja. Da ya ji ciwon ƙirji da gumi sai hankalinsa ya tafi kan zuciya, ya sa a kawo na'urar auna ta. Babanku ba ya iya haɗa kalma uku. Likita ya juya wurin Inna, don ita ce babba.

"Mama, wanne ya fara zuwa, ciwon ko aman?"

"Ciwo ne ya sa shi amai," in ji Inna. "Gyambon ciki aka ce."

Ina tsaye a bakin ƙofa da goyo. A tarbiyyar da aka yi mini, suruka in ta yi magana an gama. Amma bakina ya riga ni.

"A'a. Aman ne ya fara. Lafiyarsa lau ya shigo. Ya riƙe aman ya daɗe, da ya je ya yi, a yunƙuri na uku ya yi ƙara. Ya ce wani abu ya yage. Kuma ku taɓa wuyansa."

Inna ta juyo ta dube ni, kallo ɗaya. Likita bai lura ba, ya riga ya kai hannu wuyan. Ya danna, ya sake dannawa, ya sa abin sauraro a ƙirji ya daɗe. Daga nan komai ya koma gudu. Aka sa masa ƙarin ruwa a hannu, aka tura shi ɗakin hoto. Hoton farko ya nuna iska a tsakiyar ƙirji inda bai kamata a ga iska ba, da ruwa ya taru a ƙasan huhun hagu. Aka kira babban likita mai fiɗa, wani dattijo mai furfura da ba ya yawan magana. Shi ya sa aka ba babanku wani ruwa 'yar kurɓa, irin wanda ke fitowa a hoto, aka sake ɗauka yana haɗiyewa. Sun nuna mini hoton daga baya a jikin fitila: farin layi ya sauko tiryan-tiryan, kafin ya kai tumbi sai ya fantsama gefe kamar tiyon da ya huje.

Saurayin likitan ya ja ni baranda. Ya ce na taɓa gyara kayan cikin rago da Sallah? Na ce sau nawa. Ya ce to na san a wuyan rago akwai bututu biyu, ɗaya mai gurunguntsi na iska, ɗaya ja mai laushi da ke manne a bayansa, wanda abinci ke bi. Na ce na sani. Ya ce wannan mai laushin ne ya tsage a jikin mijina, can ƙasa kusa da tumbi. Ciki ya turo amai da ƙarfi, sama kuma a rufe, sai bututun ya fashe a inda ya fi rauni. Iskar da na ji a wuya daga nan ta tsere ta hau ƙarƙashin fata. Ya ce abin ba kasafai yake faruwa ba, kuma yana kama da ciwon zuciya, yana kama da gyambon ciki, shi ya sa ake yawan gane shi a makare.

"Yanzu gaya mini gaskiya, Madam. Tun jiya me da me ya shiga bakinsa?"

Na faɗi farin maganin kawai. Ya ci gaba da kallona. Sai na faɗi kanwar, kofi guda cike, da hannuna. Ina faɗa ina kuka.

"Ba kanwarki ce ta yaga shi ba," ya ce. "Ya riga ya yage. Amma ba ta je ciki ba. Tana cikin ƙirjinsa yanzu, ita da shinkafar da naman, suna ruɓewa kusa da zuciyarsa. Za mu buɗe mu wanke mu ɗinke. Bayan nan, ki ji ni da kyau: ko ɗigon ruwa kada ya wuce maƙoshinsa sai ranar da muka ce. Nas biyu ne a ɗakin nan, gado ya fi talatin. Ba za su iya tsaronsa ba. Ke da kika ji gyaɗa a wuyan mutum, ke za ki tsare shi."

Kafin azahar suka shiga da shi, sai bayan la'asar suka fito. Ta gefen hagu suka buɗe, tsakanin haƙarƙari, tabon nan da kuke tambayarsa kuna yara yana ce muku injin masaƙa ne ya cije shi. Dattijon likitan ya ce Allah ya taimaka ba a cika kwana guda ba, don in aka wuce haka naman wurin yakan yi laushi kamar tsumman da ya daɗe a ruwa, ba ya riƙe zare. Da na ga babanku ban gane shi ba. Roba a hanci tana janyo ruwan ciki, robobi biyu a gefen ƙirji suna zuba cikin kwalabe a ƙarƙashin gado, wata kuma an huda ciki an sa, ta nan za a riƙa ɗura masa abinci mai ruwa-ruwa kai tsaye cikin hanji. Allurai kuwa safe da yamma, na kashe ƙwayoyin cuta.

Kun san yadda muke da dubiya. Ba a zuwa hannu rabbana, kuma ba a tafiya sai an ga majinyaci ya kai wani abu baki, ko da kurɓa ɗaya ce, sannan a ce alhamdu lillahi ya fara ci. Abokan aikinsa suka riƙa zuwa layi-layi, Hausawa da Tibi da Ibo, kowa da abin da matarsa ta dafa. Kunun gyaɗa, kunun tsamiya, farfesun kaza, fura da nono. Samiru suka cika ƙarƙashin gado har suna gogar kwalabe. Ni kuma ina zaune a kan kujera tsakaninsa da su, ina karɓa ina godiya ina turawa ƙasa. In sun tafi in raba wa sauran majinyata. Wasu sun gane. Wasu suka fita suna cewa matar nan ta cika iyayi, likita ya faɗi ɗaya ta mayar da shi goma. Wanda ya fi yi mini wuya shi ne shi kansa. Leɓɓansa suka tsattsage, harshensa ya yi fari. In ya ji ana zuba ruwa a gadon kusa sai ya rufe ido.

"Balaraba, ba sha zan yi ba. Ki ɗiga mini kawai."

Sai in jiƙa auduga in matse ta sosai in goga masa a leɓe. Ya ce ashe haka nake da taurin zuciya bai sani ba. Na ce eh, haka nake. In na fita ba jariri nono a baranda nan nake yin kukana in share in dawo.

Mako na farko Inna ba ta ce komai ba. Takan zo da safe ta zauna nesa da gadon da carbinta, ta koma da yamma. Ana cikin sa ran an kusa, sai zazzaɓi ya dawo, ruwan da ke zuba a kwalba ya yi duhu. Likita ya ce ɗinkin yana ɗan yoyo ta gefe ɗaya, ba sai an sake buɗewa ba tunda robar tana fitar da shi, amma sai an ƙara jira wurin ya rufe da kansa. A ranar na ga Inna ta tsaya ta ƙare wa ɗanta kallo, abin da ba ta yi. Ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. A hanyar fita ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba:

"Ni dai tunda nake ban taɓa ganin wanda ya rayu da ruwan kwalba ba."

Rana ta goma sha ɗaya, lokacin dubiya, ɗakin cike da mutane. Na fita wanke zanen jariri a famfon baya, ban yi minti goma ba. Ina shigowa na hango Inna ba a mazauninta ba. Tana zaune a bakin gadon. Ta tallafo kansa da hannun hagu ta jingina a ƙirjinta, hannun dama riƙe da kofi. Rubutu ne ta karɓo wurin wani malami a Tudun Wada, an wanke allo an tace. Ƙannensa mata biyu suna tsaye, ga abokan aikinsa. Kuma na ji tana kiran sunansa. Sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa, wanda ni ma ban taɓa kira ba, ba kuma zan rubuta shi a nan ba. A hankali take faɗa, kamar mai lallashin jariri, tana cewa ya buɗe baki. Shi kuma ya buɗe.

Ban san yadda na ratsa mutanen ba. Ban yi sallama ba, ban ce Inna ki yi haƙuri ba. Na kama kofin na fizge. Rabin rubutun ya zube a siminti.

Kowa a ɗakin ya juyo yana kallona.

"Ayar Allah kika zubar a ƙasa," in ji Inna.

Na durƙusa na cire mayafina na tsane wurin tas, kada a taka. Sauran da ke kofin na zuba a tafin hannu na shafa masa a goshi da ƙirji da gefen ɗinkin. Na ce Inna, Allah ya san inda ciwon yake, zai kai maganinsa ko ta fata ne. Ta zare hannunta daga ƙarƙashin kansa ta mayar da shi kan matashi a hankali. Ta miƙe ta gyara lulluɓi.

"Ni na haife shi. Shekara biyu yana shan jikina ban kashe shi ba."

Ta fita, 'ya'yanta suka bi ta. Ba ta koma Kakuri ba, gidan ƙaninta ta wuce a Tudun Wada, ta aiko aka kwashe kayanta.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina, kuma ga inda na tsaya. Fizge kofin ban yi nadamarsa ba, ko yau aka maimaita zan fizge. Laifina a wani wuri yake. Kwana goma sha ɗaya ina zaune da matar nan a ɗaki ɗaya, ban taɓa matsawa kusa da ita na ce, Inna, ni na fara ba shi abu ya sha, na ga abin da ya yi masa da idona, likita ya kwaso kanwata daga ƙirjinsa. Da na faɗa, da ta san ba ilimin asibiti nake nuna mata ba, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba a lokacin. Da ta san tsoro ne irin nata. Amma na ji kunyar a ce ni ce, na bar ta tana ganin yarinyar da aka auro jiya ta fi ta sanin ɗanta. Ta ajiye kunyar shekara talatin ta rungume shi a gaban mutane, ni kuma na kasa ajiye tawa ta kwana goma sha ɗaya.

Rana ta goma sha tara aka sake tura shi ɗakin hoto, aka ba shi ruwan nan ya kurɓa. Farin layin ya sauka har tumbi, bai karkata ko'ina ba. Saurayin likitan ya zo yana murmushi, ya ce yau cokali ɗaya na ruwa, a jira awa guda, in ba zafi ba tari a ƙara ɗaya. Nas ta kawo kofi da cokali ta miƙa mini. Na karɓa na ajiye a kan lokar da ke gefen gadon. Na je na samu Maman Talatu tana goge baranda, na ce ta taimaka ta nemo mijinta ya je Tudun Wada ya ɗauko Inna.

"In ta ƙi zuwa fa?"

"Ya ce mata an ce ya sha, kuma ba a ba shi ba."

Babanku ya bi kofin da ido, ya dube ni. Da 'yar muryar da ta rage masa ya ce, "Na jira likita kwana goma sha tara, yanzu kuma tasi zan jira?" Na ce eh. Ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ranar da ya je walima. Mutumin gadon kusa ya yi dariya har ɗinkinsa ya motsa.

Ta zo. Ba ta amsa gaisuwata ba. Na ɗauki kofin da cokalin na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu. Ta daɗe tana kallonsu kafin ta karɓa. Wannan karon ba ta zauna a gadon ba, ba ta kira sunansa ba, kunyarta ta dawo mazauninta. A tsaye ta yi bisimilla, ta ɗebo, ta kai masa baki. Muka zuba wa maƙoshinsa ido mu duka. Ya haɗiye. Bai yi ƙara ba, bai yi tari ba, hawaye ne kawai suka gangaro masa ta gefen ido. Ya sake buɗe baki yana kallon uwarsa. Inna ta mayar da cokalin cikin kofi ta cika shi, ta ɗago, sai hannunta ya tsaya a hanya. Ba ta juyo ba, bango take kallo.

"A ƙara?"

Na ɗauka da nas take. Na waiga, babu nas. Da ni take.

"A'a, Inna. Sai bayan awa ɗaya."

Ta juye ruwan cikin kofi ta ajiye cokalin. Ta jawo kujerata, wadda na yi kwana goma sha tara a kanta, ta zauna tsakaninsa da lokar, ta fito da carbi. Da ƙanwarsa ta shigo da kunu a samira, ban buɗe baki ba. Inna ce ta nuna mata ƙarƙashin gado da haɓa.

Har ta rasu ba mu taɓa tayar da maganar ba, ba ta kuma taɓa wanke ni a wurin 'ya'yanta ba, shi ya sa labarin ya iso muku yadda ya iso. Ban riƙe ta ba, don ni ma ban ba ta rabin da ke hannuna ba. Babanku ya ƙara shekara talatin da ɗoriya a duniya, aka haifi ku huɗun da kuka biyo baya. Kofin silbar nan da ke cikin kabad ɗina, wanda kuke cewa in jefar ya tsufa, shi ne na kanwar. Yanzu kun san abin da ya sa ba na bari a sha ruwa da shi.